Mutuwa a bakin bahon wanka: yadda ruwan kankare fenti ya riƙa kashe ma'aikata a Amurka

A watan Maris na shekarar 2010, wani mutum mai shekara 52 ya shiga banɗakin wani gidan haya a jihar Mishigan ta Amurka don ya sabunta bahon wanka. Sana'arsa ke nan, kuma yana ɗaya daga cikin masu kamfanin da ya karɓi aikin. Yadda ake yin aikin sananne ne: a shafa wa tsohon fentin baho ruwan da zai ci shi, a ɗan dakata ya kumbura ya yi ɓawo, a kankare, a wanke, sannan a fesa sabo. Masu gidajen haya suna son hakan, domin ya fi musu araha a kan a fasa tayil, a tumɓuke baho, a dasa wani. Ma'aikacin da ke kula da gyare-gyaren ginin ne ya leƙa ya tarar da shi kife a kan bahon, ba ya motsi. An yi ƙoƙarin farfaɗo da shi, aka garzaya da shi asibiti, amma rai ya riga ya yi halinsa.

Da an bar maganar a nan, da wataƙila an ce zuciya ce ta buga. Mutum ne da ya haura hamsin, yana da tarihin yawan kitse a jini, kuma binciken gawa ya nuna jijiyoyin zuciyarsa sun ɗan fara toshewa. Babu gobara, babu faɗuwa daga tsani, babu jini a ƙasa. Amma a Mishigan akwai wani shiri da Jami'ar Jihar Mishigan ke gudanarwa da tallafin NIOSH, cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta gwamnatin tarayyar Amurka, wanda aikinsa bin diddigin mace-macen da ke faruwa a wurin aiki. Masu wannan shiri suka bi sawun lamarin, abin da suka gano kuma ya wuce mutum ɗaya.

Abin da masu bincike suka tarar

Banɗakin ƙarami ne, ƙafa 5 a faɗi, ƙafa 8 a tsawo, rufinsa ƙafa 8 daga ƙasa. Akwai fankar zuƙe iska a silin, amma a kashe take. Mamacin yana sanye da safar hannu ta roba, irin siririyar nan, ba shi da takunkumin numfashi, kuma babu wata na'ura da aka kawo don fitar da tururi waje. Ruwan da ya yi amfani da shi an yi shi ne don kankare fentin jiragen sama, kuma kashi 60 zuwa 100 cikin ɗari na abin da ke cikinsa sinadarin metilin kuloraid ne. A jikin gwangwani ana rubuta sunan wannan sinadari methylene chloride ko dichloromethane, abu ɗaya ne. An same shi a jinin mamacin, miligiram 50 a kowace lita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawan ruwan da ya zuba. Mililita 177 ne kacal, wato bai kai rabin 'yar ƙaramar gorar ruwa ba. Wanda ya ji an ce sinadari ya kashe ma'aikaci zai zaci duro ne ya fashe ko tanki ya yi yoyo. A nan abin da bai cika kofi ba ne ya kashe mutumin da ya san sana'arsa.

Dalilin yana cikin halin sinadarin. Metilin kuloraid yana cikin rukunin sinadarai masu saurin tashi su bi iska, waɗanda ake narkar da fenti, gam, banish da maiƙo da su. Yana tafasa a wajen digiri 40 na ma'aunin salshiyas, don haka ko a ɗaki mai sanyi, da an shimfiɗa shi a kan abu mai faɗi zai fara zama tururi nan take. Masu haɗa ruwan kankare fenti sun san da haka, shi ya sa sukan zuba masa kakin da zai yi 'yar fata a sama ya rage saurin tashinsa. Sai dai da ma'aikaci ya sa ƙarfen kankara ya fara aiki, fatar nan ta yage. Mililita 177 na ruwan, idan ya tashi gaba ɗaya, yana ba da tururi lita 40 zuwa sama da 60, gwargwadon ƙarfin haɗin. Tururin nan kuwa ya fi iska nauyi kusan sau uku. Ba ya tashi sama ya nemi taga ko fanka, gangarowa yake yi ya kwanta a wuri mai zurfi, kamar yadda ruwan sama ke taruwa a kwari. A banɗaki babu wurin da ya fi baho zurfi, kuma nan ne ma'aikacin yake durƙusawa ya sunkuyar da kansa don ya kai ga kusurwoyi da gefen magudana.

Ana auna irin wannan tururi da adadin kashi nawa ne cikin miliyan na iska. Hukumar OSHA, mai kula da tsaron lafiyar ma'aikata a Amurka, ta sa iyaka tun 1997: kada matsakaicin abin da ma'aikaci ke shaƙa a awa 8 ya wuce kashi 25 cikin miliyan, kada kuma ya wuce 125 a cikin minti 15. NIOSH ta ce idan ya kai 2,300, rai na cikin haɗari nan take. Ƙiyasin da masu binciken suka yi ya nuna cewa iskar banɗakin ta kai tsakanin 5,000 da kusan 8,500, ta cikin bahon kuwa ta haura 90,000, tana iya kaiwa kusan 155,000. Wato a daidai inda hancin mutumin yake, kashi 9 zuwa 15 cikin ɗari na abin da yake ja zuwa huhunsa tururin sinadari ne. Ko mafi ƙanƙantar ƙiyasin ya ninka matakin haɗarin rai sau arba'in.

Yadda yake kisa

Hanya ta farko ita ce ta ƙwaƙwalwa. Metilin kuloraid yana ratsa huhu ya shiga jini cikin sauri, daga nan ya wuce ƙwaƙwalwa, inda yake aiki irin na maganin sa barci kafin tiyata. Da farko mutum zai ji kansa ya yi nauyi, jiri ya ɗan ɗebe shi, hannunsa ya daina yi masa biyayya sosai. Matsalar ita ce gaɓar da ya kamata ta gaya masa ya tashi ya fita, ita ce sinadarin ya fara kamawa. Sai ya ce bari ya ƙarasa wannan gefen tukuna. Idan ya suma, ba baya yake faɗuwa ba, gaba yake kifewa, tunda dama a sunkuye yake, kansa ya shige cikin bahon inda tururin ya fi kauri. Daga nan numfashi ke raguwa har ya tsaya. Shi ya sa ake yawan tarar da waɗannan mamata a yanayi iri ɗaya, rabin jiki a waje, kai a ciki.

Hanya ta biyu ta zuciya ce. Irin waɗannan sinadarai, idan sun yi yawa a jini, suna sa tsokar zuciya ta rikice, bugunta ya fita daga tsari, har ta tsaya ba zato. Bayan haka akwai abin da ya keɓanta da metilin kuloraid: hanta tana sarrafa shi ta mayar da wani ɓangarensa iskar kabon monoksaid, gubar nan da ke cikin hayaƙin inji, wadda ke maƙale wa jajayen ƙwayoyin jini ta hana su ɗaukar oksijin. Wani likita mai suna Richard Stewart da abokan aikinsa a jihar Wiskonsin ne suka bayyana haka a 1972. A 1976 kuma ya ba da labarin wani dattijo mai shekara 66 da ke kankare fentin kayan katako a ɗakin ƙarƙashin gidansa. Ciwon zuciya ya kama shi, aka kwantar da shi, ya warke ya koma kan aikinsa, ciwon ya sake dawowa, a karo na uku ya rasu. Tun da jiki ne ke ƙera gubar a hankali, tana iya ci gaba da hauhawa a jini bayan mutum ya bar wurin aikin ya koma gida. Idan kuma haɗin yana da metanol, kamar yadda ruwan kankare fenti da yawa ke da shi, tana daɗewa kafin ta fita. Ga mai jijiyoyin zuciya da suka fara toshewa, ko mai shan taba wanda jininsa dama yana ɗauke da wannan iska, abin ya zama biyu.

A lamarin Mishigan ba a ga kabon monoksaid a jinin mamacin ba, abin da ke nuna cewa mutuwar ta zo da sauri, kafin hanta ta yi nisa da aikinta.

Hanci ba ya ceton mutum a nan. Sinadarin yana da ɗan ƙanshi mai zaƙi-zaƙi, amma mutane da yawa ba sa jin sa sai ya zarce iyakar da doka ta halatta, kuma bayan ɗan lokaci hanci yakan saba ya daina ji. Wanda ya shekara da shekaru yana aikin shi ya fi kowa sabawa. Idan ka ji tsohon hannu ya ce shi warin ba ya damunsa, hancinsa ne ya gaji, jininsa kuwa yana ɗauka kamar na kowa.

Kayan kariya ma suna yaudara. Safar roba da mamacin ya sa, metilin kuloraid yana ratsa ta cikin 'yan mintoci, haka ma irin safar da ake kira naitiral wadda mutane ke ganin ta fi ƙarfi. Idan ya ratsa kuma safar sai ta riƙe shi a jikin fata, ga ƙuna, ga shiga jini. Safar da ke tare shi ta musamman ce, mai leda hawa-hawa, kuma ba ita ake gani a hannun ƙananan 'yan kwangila ba. Takunkumin takarda na ƙura ba ya tare tururi ko kaɗan. Har takunkumin roba mai gwangwanin gawayi a gefe, wanda masu fesa fenti suka amince da shi, ba ya wadatarwa, domin gawayin yana cika da wannan sinadari da wuri ya fara sakin sa, mai sanye da shi kuma ba zai ji wari ya gane ba. Saboda haka ne dokar OSHA ba ta yarda da shi ba sai don gudun ceton rai. Abin da ta yarda da shi shi ne takunkumin da ake turo wa tsabtatacciyar iska ta tiyo daga waje. Duk wanda ya san yadda ake biyan aikin baho, kowane baho da kuɗinsa, a gama a wuce na gaba, ya san mutum nawa ne za su ɗauko kwamfireso da tiyo su hau bene da su don aikin awa biyu.

Daga gawa ɗaya zuwa 13

Da masu binciken Mishigan suka waiwayi tsofaffin takardunsu, sai suka ga akwai wasu mutum biyu a jihar da suka mutu a irin wannan aiki a shekarun baya. Suka sanar da NIOSH, ita kuma ta tuntuɓi OSHA, aka bincika bayanan ƙasa baki ɗaya, aka samo wasu 10 a jihohi tara. A watan Fabrairun 2012 hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta wallafa sakamakon: mutum 13 a jihohi 10 tsakanin 2000 da 2011, masu shekaru daga 23 zuwa 57, 12 daga cikinsu maza. Dukkansu a banɗakunan gidajen zama suka mutu, inda iska ba ta wadata ba, kuma kayan kariya ko dai babu, ko kuma ba su dace ba. Ruwan kankare fenti iri 10 ne ke da hannu, 6 daga ciki na jiragen sama ne, sauran na katako, ƙarfe, gilashi da bulo. Babu ko ɗaya da takardar jikinsa ta ambaci sabunta baho.

Wannan batu na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Ruwan da aka haɗa don a yi aiki da shi a rumfar gyaran jirgi, mai rufi can sama da ƙofofi a wangale, shi ne ya biyo hanyar kasuwa ya shigo ɗakin da bai kai tsawon mutum biyu ba. Ma'aikatan ba su sato shi ba, saye suka yi a kanti ko ta intanet, kuma sun zaɓe shi ne don ya fi kowane sauri. Gargaɗin da aka saba rubutawa a gwangwani, cewa a yi amfani da shi inda iska ke shiga sosai, bai gaya wa kowa ko nawa ne sosai ba. Mutum zai buɗe ƙofa ya kunna fankar silin ya ɗauka ya cika sharaɗi. Fankar da ke banɗakin Mishigan an yi ta ne don ta ja tururin ruwan zafi da ke tashi sama, ko da a kunne take ba za ta kwashe abin da ya kwanta a gindin baho ba. Wasu ma da gangan suke rufe ƙofar, don kada wari ya damu masu gida ko ƙura ta ɓata sabon fenti.

Rahoton da kansa ya nuna cewa adadin zai iya fin haka. Wanda yake aikin kansa, ba shi da ma'aikata, dokar OSHA ba ta hau kansa, mutuwarsa kuma ba lallai ta shiga kundinta ba. Likitan da ke binciken gawa idan bai nemi a auna wannan sinadari takamaimai ba, ba zai gan shi a gwajin yau da kullum ba, sai ya rubuta ciwon zuciya. Bayan shekaru, a 2021, masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka tattara abin da suka iya samu daga 1980 zuwa 2018, suka ƙirga mutum 85, kashi 87 cikin ɗari a bakin aiki suka mutu. Sun lura cewa daga shekarar 2000 mace-macen sun fi karkata zuwa banɗakuna da aikin gine-gine.

Doka tana nan, amma ba ta shiga banɗaki

Ba za a ce Amurka ba ta da doka a kan wannan sinadari a 2010 ba. Dokar 1997 ta tanadi a riƙa auna iskar wurin aiki, a horar da ma'aikata, a duba lafiyarsu, a kafa na'urorin zuƙe tururi, kuma ta shafi masu aikin gini kamar yadda ta shafi masana'antu. A babbar masana'anta mai jami'in lafiya da injiniya, wannan tsari yana aiki. Amma wanda ya rubuta shi yana hango wurin aiki tsayayye ne, mai adireshi, wanda sufeto zai iya zuwa ya ƙwanƙwasa. Mai sabunta baho yau yana wannan gida, gobe yana wancan, sau da yawa shi kaɗai, a bayan ƙofar da ba ta gwamnati ba ce. Kafin wani ya san yana wurin ya gama ya tafi, ko kuma an tarar da gawarsa. A ganina nan ne ainihin darasin lamarin yake ga duk masu aikin gini: dokar da ta dogara ga ma'aikaci ya auna, ya lura, ya sayi kayan tsada, tana kare wanda dama yake da masu kare shi ne.

Tarayyar Turai ta bi wata hanya. A 2009 ta yanke shawarar hana sayar da ruwan kankare fenti mai ɗauke da wannan sinadari ga jama'a da 'yan kwangila, aka aiwatar a mataki-mataki daga ƙarshen 2010 zuwa tsakiyar 2012, aka bar shi ga masana'antu bisa sharuɗɗa, tare da bai wa ƙasashe damar yi wa ƙwararrun da aka horar sassauci. Wato a lokacin da CDC ke ƙirga gawawwaki 13, a Turai an riga an fara kwashe gwangwanayen daga kantuna.

A Amurka an yi ta jan ƙafa. OSHA da NIOSH sun fitar da takardar gargaɗi ga masu sabunta baho a farkon 2013. A 2014 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga matsayin sinadarin zuwa rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo wa ɗan adam ciwon daji. A 2016 majalisar dokokin Amurka ta gyara dokar sinadarai masu guba ta 1976, ta ƙara wa EPA, hukumar kare muhalli, ƙarfi, kuma metilin kuloraid yana cikin sinadarai 10 na farko da hukumar ta ware don dubawa. A Janairun 2017 EPA ta gabatar da ƙudurin hana amfani da shi wajen kankare fenti, ga jama'a da mafi yawan masu sana'a. Gwamnati ta canza, aka jingine ƙudurin, mutane kuma suka ci gaba da mutuwa. Iyayen wasu matasa da suka rasu a wannan tsakanin ne suka tashi tsaye, suka yi ta zirga-zirga zuwa Washinton, suka matsa wa manyan kantuna lamba. A 2018 Lowe's ya sanar da daina sayarwa, Sherwin-Williams da Home Depot suka biyo baya.

Da dokar ta fito a Maris ɗin 2019, sai ta hana sayar wa jama'a kawai, ta bar masu sana'a. Ban ga yadda za a kare wannan hukunci ba. Alƙaluman da ke gaban hukumar sun nuna cewa ma'aikata ne suka fi mutuwa, amma su ne aka cire daga kariyar. An kare mai gidan da zai taɓa gwangwanin sau ɗaya a shekara, aka bar wanda yake sunkuya a kansa kullum. Sai a ƙarshen Afrilun 2024 EPA ta kammala dokar da ta hana duk wani amfani na jama'a da mafi yawan na sana'a da masana'antu, har da sabunta baho. Inda aka bari a ci gaba, kamar ɗakunan gwaje-gwaje da harhaɗa wasu sinadarai, an sauko da iyakar zuwa kashi 2 cikin miliyan a awa 8, da 16 a minti 15. A lokacin hukumar ta ce aƙalla mutum 88 ne sinadarin ya kashe tun 1980. Shekara 14 ke nan bayan mutuwar Mishigan.

Akwai wani tarko da ya kamata masu aikin gini su sani, domin ya wuce batun baho. Gwangwanaye da yawa suna ɗauke da tambarin cewa sinadarai masu tashi a iska kaɗan ne a cikinsu, mai saye kuma sai ya ɗauka an ce masa ba su da illa. A dokar Amurka an ƙirƙiri wannan ma'auni ne don rage hazon gurɓatacciyar iska a birane, saboda haka duk sinadarin da ba ya taimakawa wajen haɗa wannan hazo an cire shi daga lissafi. Metilin kuloraid yana cikin waɗanda aka cire, haka ma asiton. Gwangwani zai iya cika sharaɗin tambarin alhali yana ɗauke da abin da zai sumar da mutum. Abin dogaro shi ne takardar bayanan tsaro da doka ta wajabta wa mai ƙera kaya ya bayar, inda ake jera sunayen sinadaran da ke ciki.

Metilin kuloraid ya ja hankali ne saboda yana kisa a take, ana ganin gawa. 'Yan uwansa da ke cikin tina, gam ɗin shimfiɗa kafet da tayil, banish, fentin ƙasa da ruwan wanke buroshi sun fi yin ɓarna a ɓoye. Toluwin da zailin suna taɓa ƙwaƙwalwa, kuma tun shekarun 1970 likitoci a ƙasashen arewacin Turai suka fara bayyana masu fenti da suka daɗe a sana'a suna fama da mantuwa, saurin fushi da kasa tattara hankali. Hekzen yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa har tafiya ta gagara. Benzin yana jawo sankarar jini. Tun 1989 cibiyar binciken ciwon daji da aka ambata ta sa sana'ar fenti kanta cikin ayyukan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. A duk waɗannan, abubuwan da suka haɗu a banɗakin Mishigan su ne ke ƙayyade yawan abin da ke shiga jiki: ƙanƙantar wuri, faɗin abin da aka shafa, zafin rana ko na ɗaki, kusancin fuska da aikin, da kasancewar mutum shi kaɗai. Cikin tanki, rami, ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ƙarƙashin matakala duk suna tara tururi yadda baho ke tarawa. Wanda ya tarar da abokin aikinsa a sume a irin wannan wuri, idan ya faɗa ciki ba tare da an fara fitar da tururin ba, shi ma zai iya kwantawa a gefensa. Kusantar da wuta ko bindigar zafi ga metilin kuloraid kuma yana iya mayar da shi fosjin, iskar gubar da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Maye gurbin sinadarin ma yana buƙatar lura. Da aka fara ƙyamar metilin kuloraid, kamfanoni da yawa sun koma wani sinadari da ake taƙaita sunansa NMP, wanda ba ya sumar da mutum haka, amma yana ratsa fata kuma an san yana cutar da ɗan tayi, abin da ya sa EPA ta sa shi a cikin ƙudurinta na 2017 tare da metilin kuloraid. Haɗe-haɗen da aka gina a kan benzil alkohol sun fi sauƙin illa, ana kuma iya goge tsohon fenti da takardar yashi ko inji mai zuƙe ƙura, sai dai a tsofaffin gidaje a fara tabbatar da cewa fentin ba mai dalma ba ne. Dukkan waɗannan sun fi cin lokaci. Abin da tsohon ruwan ke yi cikin minti 15 ko 20, sabon yana iya ɗaukar awanni, wani lokaci a shafa a rufe da leda a dawo washegari. Ga wanda ake biya a kan kowane baho, wannan ragin kuɗin shiga ne kai tsaye, kuma muddin abokin hamayyarsa yana iya sayen mai saurin, shi ma zai saya. Hanin da ya hau kan kowa lokaci ɗaya ne ya kawar da wannan gasa, tunda yanzu duk mai neman a sabunta masa baho dole ya jira tsawon lokaci iri ɗaya ko wa ya kira.

Dokar 2024 ta bar ƙofa ɗaya da ta shafi ƙananan masu sana'a. Masu gyaran tsofaffin kayan katako masu daraja ta tarihi ko ta fasaha an ba su har 2029 su ci gaba da amfani da sinadarin bisa sharuɗɗan kariya, saboda sun ce babu abin da ke cire tsohon fenti daga sassaƙa mai laushi ba tare da ɓata ta ba kamarsa. Da yawa daga waɗannan shaguna ƙanana ne, irin girman kamfanonin sabunta baho, kuma su ma tsaron lafiyarsu ya rataya ne a kan na'urar zuƙe tururi da takunkumin tiyo da mai shago zai saya da kuɗinsa ya riƙa kunnawa kullum.